Takardun shafa kala na katun don hutun kaka a Jos: ina neman shawararku

Maman Yara Huɗu (Kubwa):
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Idan Allah ya kai mu hutun tsakiyar zangon farko a ƙarshen watan Oktoba, za mu tashi daga Abuja zuwa Jos, gidan surukaina da ke Anguwan Rogo, inda za mu yi kwana biyar tare da iyalan ƙannen maigidana guda biyu. Da na ƙidaya yaran da za su haɗu a gidan, sai na same su goma sha ɗaya, ƙaraminsu yana da shekara biyu da rabi, babbarsu kuma tana da goma sha biyu. Bara da muka je, kowane yaro ya karɓe wayar uwarsa, suka jeru a falo kowa ya sunkuyar da kai, har kakarsu ta ce da ni ita ba ta ga fuskar jikokinta ba, ƙeyarsu kawai ta gani. Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau. Saboda haka nake so bana in tafi da takardun zanen katun waɗanda yara suke shafa wa kala, domin su sami abin yi da yamma idan sanyin Jos ya hana su fita tsakar gida. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gwadawa su faɗa mini yawan takardun da zan buga, da irin zanen da ya dace da kowane shekaru, da irin kalar da zan saya.

Malamar Nazare (Bukuru):
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo ku lafiya. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su buga zane iri ɗaya ga kowa, sai ƙarami ya kasa ya yi kuka, babba kuma ya raina ya tashi. Yaron da bai kai shekara huɗu ba abu ɗaya babba yake buƙata a tsakiyar takarda, kamar ƙwallo ko mota ko kifi, mai layi mai kauri, kuma a ba shi kireyon mai kauri wanda hannunsa zai iya damƙewa, domin yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir siriri ba tukuna. 'Yan shekara biyar zuwa bakwai su ne ainihin masu son katun ɗin da suka sani, kuma suna iya zama a kan takarda mai abubuwa uku ko huɗu. Daga shekara takwas zuwa sama kuwa, sai kin ba su zane mai ƙananan gurabe da yawa da fensirin kala mai tsini, in ba haka ba za su ce kin mayar da su 'yan nazare. Kada kuma ki sa ran ƙananan za su zauna awa guda. Idan kin sami kwata na awa a kan takarda ɗaya, kin samu da yawa.

Mai Shagon Kwafi (Terminus):
Hajiya, bari in taimaka ta ɓangaren sana'ata. Idan kika ba kowane yaro takarda huɗu a rana, yara 11 a kwana 5 zai kama takarda 220, wato bai ma kai rabin rim ba, tunda rim ɗaya na A4 takarda 500 ne. Ki sayi mai nauyin giram 80, domin wadda ba ta kai haka ba tana yagewa idan yaro ya danna kireyon da ƙarfi. Ki buga asali guda ɗaya na kowane zane, sauran a yi miki kwafi, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. A buga a fuska ɗaya kawai, a bar bayan fari. Sannan ki tambayi mai shagon ko firintarsa mai garin tawada ce ko mai tawadar ruwa, saboda layin tawadar ruwa yana narkewa idan maka, wato alƙalamin kala mai ruwa, ko jiƙaƙƙen hannu ya taɓa shi, sai zanen ya dagule. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp daga waya zuwa waya, domin yana isowa a dushe, idan aka faɗaɗa shi ya cika takarda sai layukan su fito kamar haƙoran zarto. Ki nemi zanen a matsayin PDF, ko ki turo shi a matsayin fayil.

Baffan Yara (Gangare):
Ni ina da ja a kan asalin maganar, kuma ina fatan ba za a ɗauke ta da zafi ba. Muna kukan katun ya cinye hankalin yaranmu a waya da talabijin, sai kuma mu ɗauko katun ɗin nan dai mu buga shi a takarda mu miƙa musu da hannunmu. A ganina wannan ƙara ɗaure su ne da abin da muke so mu raba su da shi, domin yaron da ya gama shafa wa jarumin katun kala, abin da zai nema nan take shi ne a kunna masa ya gan shi yana motsi. Na ga haka a gidana da idona. Abu na biyu, akwai batun zanen abu mai rai, wanda ba kowane gida ne ya yarda da shi ba, kuma ƙanwarmu ta ce gidan surukanta za ta je. Bai kamata ta shiga gidan dattijo da jaka cike da hotunan da ba ta san ra'ayinsa a kansu ba.

Malamin Islamiyya (Bauchi Road):
Baffa ya taɓo wuri mai muhimmanci. Gaskiya ne akwai hadisai masu tsanani a kan zana abu mai rai, kuma gaskiya ne cewa ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har a wata ruwayar aka ambaci doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta. Daga nan ne malamai da yawa suka yi sauƙi a kan abin wasa da abin koyon yara, wasu kuma suka tsaya a kan taka-tsantsan. Zauren nan ba wurin yanke fatawa ba ne, kowa ya koma ga malamin da ya amince da shi. Abin da zan ce wa ƙanwarmu shi ne ta sa maigidanta ya ji ta bakin mahaifinsa tun kafin a buga komai. Idan ya nuna bai so, ƙofa ba ta rufe ba, domin muna da zayyana irin wadda ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, muna da dagin Arewa, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aikin wuyan babbar riga irin aska takwas, duk waɗannan babu mai rai a cikinsu kuma suna cin kala fiye da kowane katun. Sai dai a kula, duk takardar da aka rubuta sunan Allah ko aya a kanta kada a bar ta a ƙasa ko a kwandon shara.

Maman Yara Huɗu (Kubwa):
Allah ya saka da alheri Malam, Baffa na gode ƙwarai. Wallahi ban yi tunanin ɓangaren surukina ba sam, kuma dattijo ne mai kiyaye irin waɗannan abubuwa. Zan yi wa maigidana magana yau da dare.

Malamar Makarantar Lahadi (Tudun Wada):
'Yar'uwata, ina so in ƙara wani abu da mu ma muke fama da shi a wajen yaran coci. Idan kika shiga intanet kika nemi zanen lokacin kaka, abin da zai fito miki kakar Amurka da Turai ce, wato ganyen itatuwa masu zubewa ja da ruwan ɗorawa, da talo-talo na bikin godiyar Amurkawa da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, da kuma kayan bikin Halloween na 31 ga Oktoba, wanda ya zo daidai da lokacin tafiyarku. A cikin na Halloween ɗin nan za ki ga mayu a kan tsintsiya, da fatalwa, da ƙwarangwal, da kabewar da aka fafe aka yi mata idanu da haƙora, kuma sau da yawa jaruman katun ɗin da yara suka sani ne ake sa wa waɗannan kaya. Na taɓa sauke tarin takardu ban duba su ɗaya bayan ɗaya ba, sai da na raba wa yara sannan wata yarinya ta kawo mini tata tana tambayata ko wannan aljani ne. Ki buɗe kowane shafi da idonki kafin ki kai shago. Kakarmu ta nan kuwa daban take: ruwa ya ɗauke, ana girbin masara da acca, kabewa kuma tana jiran miyar taushe, amma da wuya ki sami wanda ya zana wannan ya sa a intanet.

Malamin Zane (Zariya Road):
Da izinin Malamar Nazare, ni ina cikin masu ganin cewa takardar da wani ya riga ya zana tana rage wa yaro wani abu. Wannan ra'ayi ya daɗe a fagen koyar da zane. Viktor Lowenfeld, wanda ya koyar da malaman zane a Amurka a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya yi suka mai ƙarfi a kan littattafan shafa kala, yana ganin suna koya wa yaro cewa akwai hanya ɗaya tak ta zana tsuntsu ko gida, kuma babba ne ya san ta. Na ga alamar haka a ajina. Yaron da ya saba cike layin wani, idan ka miƙa masa farar takarda ka ce ya zana kasuwar Farin Gada yadda ya gan ta, sai ya ce maka shi bai iya ba, alhali ƙaninsa da bai taɓa ganin littafin kala ba zai cika takardar da tumatir da kabeji da masu ɗaukar kaya ba tare da tsoro ba. Shawarata ga Hajiya ita ce ta rage kwafi, ta ƙara farar takarda.

Malamar Nazare (Bukuru):
Malam, na yarda da rabin maganarka. Inda na saɓa da kai shi ne, laifin ya fi zama a bakin babban da ke tsaye a kan yaron. Idan uwa ta ce "ka fita layi", ko "ina ka taɓa ganin saniya shuɗiya", nan ne yaron yake koyon tsoro. Idan aka ƙyale shi ya yi saniyarsa shuɗiya, aka tambaye shi sunanta da inda za ta je kiwo, zai ba ka labarin da ba ka zata ba. Kuma akwai amfanin da nake gani kullum: yaran da suka saba riƙe kireyon suna juya shi a cikin ƙaramin gurbi, hannunsu ya fi saurin faɗawa idan aka zo koyon rubutu. Sannan mu tuna halin da Hajiya za ta kasance a ciki, gidan suruki, ga girki, ga baƙi masu zuwa gaisuwa, ga yara goma sha ɗaya. Farar takarda tana buƙatar babba ya zauna ya ba da shawarar abin da za a zana, ita kuwa mai zane yaro yana ɗauka ya fara da kansa.

Malamin Zane (Zariya Road):
Wannan hujja ta ƙarshe ta kama ni, Malama. To a haɗa biyun. Tunda mai shago ya ce a bar bayan takarda fari, duk yaron da ya gama shafa kala a gaba sai ya juya ya zana nasa a baya. Akwai kuma dabarar da nake yi wa ɗalibaina, in zana rabin abu in bar musu rabi, kamar motar haya ba fasinja, ko faranti ba abinci, ko rumbu ba gona a kewayensa.

Mai Zane a Kwamfuta (Wuse):
Anti, ga abu biyu daga ɓangarenmu. Yawancin jaruman katun da yara suka sani mallakin kamfanoni ne, kuma doka tana kare su na tsawon shekaru masu yawa. Misali, Mickey Mouse ya fito a 1928, amma sai ranar 1 ga Janairun 2024 siffarsa ta farko ta fita daga kariyar haƙƙin mallaka a Amurka, siffofinsa na baya-bayan nan kuwa suna nan a hannun Disney. Bugawa don yaran gida abu ne da wasu kamfanonin da kansu suke ba da takardunsa kyauta a shafukansu, amma haɗa su a yi littafi a sayar a bakin makaranta wani abu ne daban, kuma ina faɗa ne saboda na san akwai masu ƙananan sana'o'i a zauren nan. Na biyu, ki yi hattara da shafukan da ke cike da maɓallan saukewa na ƙarya, waɗanda ke kai mutum ga talla ko su nemi lambar waya. Idan kuma katun ɗin gida kike so, akwai Bino and Fino na Adamu Waziri, wanda a nan Abuja ake yin sa, yaran cikinsa kamannin yaranmu gare su da suturarsu. Maganar Malamar Makarantar Lahadi ta taɓa ni, domin gaskiya ne ba mu zana kakarmu ba. Na yi alkawarin zana shafi shida kafin ƙarshen mako in sa a zauren nan kyauta: duwatsun Riyom da ke ɗore a kan juna, kwandon dankalin Turawa, damin acca, rumbu, kabewa a gona, da dagin Arewa.

Ma'aikaciyar Jinya (Rayfield):
Niyyarki ta rage waya tana kan hanya, 'yar'uwa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, in an rage ya fi. Amma ina da gargaɗi uku. Ɗan shekara biyu da rabin nan zai kai kireyon baki, saboda haka ki sayi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ba shi da guba, ki kwashe gutsattsarin da suka karye, ki kuma nisanta shi da murfin maka domin yana iya maƙale masa a maƙogwaro. Kada a fiƙe fensir da reza a gaban yara, a sayi abin fiƙe fensir guda biyu ko uku. Na ukun shi ne hanya. Na san za ki so ki ba su takardun a mota don su yi shiru, amma sunkuyar da kai a kan takarda mota tana tafiya yana kawo jiri da amai, musamman idan kun wuce Akwanga kun fara hawan Hawan Kibo mai kwane-kwane, kuma fensir mai tsini a hannun yaro haɗari ne idan direba ya taka birki ba shiri. A mota su kalli waje su ƙidaya duwatsu, takarda ta jira gida.

Hajiya Kaka (Dilimi):
'Yata, ni ma kaka ce, jikata ce take rubuta mini wannan. Na ji zafin maganar surukarki domin ni ma na sha faɗin irinta a zuciyata. Abin da take nema shi ne yaran su zauna kusa da ita su yi mata surutu. Idan kika tara su a wani ɗaki da takardunsu kika rufe ƙofa, kin raba su da waya amma har yanzu ita ba ta gan su ba. Ki shimfiɗa musu tabarma a ɗakinta bayan sallar la'asar, ki ba ta kwalin kalar ta riƙe, duk mai son ja ko kore ya zo wurinta ya karɓa. Mu da muka tashi ba mu san katun ba, Gizo da Ƙoƙi muka sani, kuma babu wanda ya taɓa nuna mana hotonsu, kowa da irin Gizon da ke kansa. Ki roƙe ta ta yi musu tatsuniya ɗaya da dare, washegari kowa ya zana abin da ya ji a bayan takardarsa, ya kawo mata ta gani. Sai dai ki ja musu kunne tun daga Abuja a kan bango, domin bangon gidan suruki ba allo ba ne.

Baffan Yara (Gangare):
Allah ya ƙara girma Hajiya. Idan haka za a yi, na janye rabin jayayyata. Ina nan dai a kan cewa a rage jaruman talabijin a ƙara namu.

Baban 'Yan Biyu (Gwarinpa):
Mu ma Jos muke zuwa hutu, kuma abin da ya yi mana aiki shi ne haɗa takardun da fita. Ku ware rana ɗaya ku kai su gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ta ƙoƙarin Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, su ga kayan yumɓun Nok da tukwanen gargajiya, su zaga inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya. Wata ranar kuma ku je gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972. 'Yan biyuna da suka dawo daga ganin gine-ginen nan, da kansu suka nemi takardar zanen bango, kuma sun daɗe a kanta fiye da yadda suke daɗewa a kan katun, suna gardamar wace kala ce ta fi kama da jar ƙasar da suka gani.

Maman Yara Huɗu (Kubwa):
Na dawo da bayani. Maigidana ya yi magana da Baba, ya ce ba shi da matsala da zanen yara muddin ba a manna masa a bangon falon da yake salla ba, kuma a tattara takardun kafin magariba. Ga yadda na tsara: zan buga takarda 220 kamar yadda mai shago ya lissafa, kashi ɗaya cikin uku katun ɗin da na duba da idona, sauran kuma zayyana da shafuka shida na ƙaninmu na Wuse, in ƙara da farar takarda hamsin. Kwalin kala zai zauna a hannun surukata. Saura tambaya ɗaya: in saya wa kowane yaro kwalinsa, ko in sayi manya guda uku su yi tarayya?

Malamar Nazare (Bukuru):
Ki sayi manya guda uku na tarayya, amma ki ƙara da ja da shuɗi daban, domin su ne suke fara ƙarewa kuma a kansu ake faɗa. Ɗan autan kaɗai za ki ware wa nasa masu kauri guda huɗu. Ki rubuta sunan kowane yaro a saman takardarsa kafin ki miƙa masa.

Mai Shagon Kwafi (Terminus):
Kuma ki yi kwafin a Abuja kwana biyu kafin tafiya, ki sa takardun tsakanin kwali biyu masu ƙarfi a cikin leda, saboda a ƙarshen Oktoba wani lokaci ruwan ƙarshe yana sauka a hanyar Riyom, kada su jiƙe a bayan mota.